Haƙorin da Ya Binne Kuɗin Ƙwai

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan. Ku kuma da kuka ce Torika ta cika girman kai, ku gama karanta wannan shafin tukuna sannan mu yi magana.

*

Ambulan ɗin a kan kiret ɗin ƙwai na sama ta same shi, an ɗaure shi da roba. Direban gonar Baba Apakuki ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya sauke kaya ya ja motarsa.

Ta buɗe ta ƙirga. Dala dubu huɗu da ɗari uku da tamanin.

Ta sake ƙirgawa. Su ne dai, kuɗin da ta tura wa dattijon ta banki ranar Laraba, an ciro su an dawo mata da su.

Shekara shida ke nan Torika na riƙe da shagon Burodin Senitoa na nan Labasa. Shagon nata ne, amma suna da allon da ke waje na kamfani ne a Suva, babban birninmu, kuma yarjejeniyar da ta sa wa hannu ba ta san wasa ba. Sashe na goma sha huɗu ya ce duk wanda kamfani ya amince ya riƙa kawo mata kaya, ta biya shi cikin kwana goma sha huɗu. Ba ta taɓa saɓawa ba sai bana, da tanderunta na lantarki ya ƙone, gyara ya cinye komai, kuɗin ƙwan sati shida ya taru a kanta. Juma'ar da ta wuce takardar gargaɗi ta iso, an ba ta kwana bakwai. Matar nan ba ta buɗe baki ta roƙi kowa ba. Injin kwale-kwalen marigayi mijinta Josaia ta sayar, ta biya, ta yi barcinta.

Yau ce Juma'ar, ga kuɗi sun dawo.

Tana cikin ƙirga na uku Kitione ya turo ƙofa. Ma'aikacin kamfani ne, shi ke zagaya shagunansu na tsibirinmu, jirgin safe ya sauke shi. Farar riga, taye a wuya cikin zafin Labasa, takalmi sai ƙyalli yake.

"Sannu da aiki, Anti."

"Sannu ɗan Suva. Har yanzu igiyar nan ba ta shaƙe ka ba?"

"Ɗan Bua dai, Anti. Suva wurin aiki ne."

"Bua ta ina? Ubanka shi ne bakin sarkin garinku, shi ke magana a madadinsa a kan tabarma, kai kuma ka gudu ka koma yi wa kwamfuta magana."

Kullum in ta faɗi haka dariya yake yi. Yau murmushi kawai ya yi, ya juyo mata da fuskar wayarsa. Sunan shagonta ne da jan layi a ƙarƙashi.

"Na biya tun Laraba," ta ce.

"Na ga sun fita daga asusunki. Amma mai ƙwai bai danna a waya cewa ya karɓa ba. In bai danna ba, a wurin kamfani ba ki biya ba."

Ta tura masa ambulan ɗin.

Ya leƙa ciki, ya ɗago. "Sun dawo?"

"Da ƙafarsu, a kan ƙwai."

"Kun yi faɗa ne?"

"Da Baba Apakuki? Mutumin da ya ɗauki makarar mijina?"

Suna cikin haka sai ga yayanta Sakiusa ya shigo, da takalman gonar rake a ƙafa. Duk Juma'a yakan zo ɗaukar burodin gida. Idonsa na sauka kan ambulan ɗin sai fuskarsa ta washe.

"A'a, har ya dawo da su? Kai, dattijo ke nan!"

Torika ta juyo a hankali.

Ku sani, a wajenmu mace ba ta ɗaga wa yayanta murya. Ko kallon cikin ido ba a cika yi ba. Shekararta arba'in da shida, ba ta taɓa yi ba.

"Yaya, ka san da maganar nan?"

"Ni ne ma maganar." Ya ja kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Na so in bari sai Lahadi bayan coci in faɗa miki. Ranar Litinin na je gidansa, ni da dattawa biyu."

"Kun je yin me?"

"Na ɗauki ɗaurin saiwar kava da ake jiƙawa a sha, na ɗauki tabua na Babanmu."

Kitione ya runtse ido. Ya nemi buhun fulawa ya zauna a kai, ya manta da baƙin wandonsa.

Duk ɗan ƙasar nan ya san tabua, haƙorin ƙatuwar dabbar teku mai igiya a jiki. Ba a sayen kaya da shi. Da shi ake neman aure, da shi ake neman gafara, kuma wanda ya miƙa hannu ya karɓa ya ɗaure kansa da abin da aka roƙa, har ya mutu.

"Me ka roƙa, Yaya?"

"Na ce a binne kuɗin ƙwan. Ya karɓa, an tafa, an sha kava. Magana ta mutu. Je ki sayo injin Josaia ki mayar."

Ya faɗi haka yana duban fuskokinsu, yana jiran godiya. Ni kaina da nake ba ku labari tausayinsa nake ji, don Allah ya sani da zuciya ɗaya ya yi.

"Kitione," ta ce, ba ta ɗauke ido daga kan yayanta ba. "In Baba Apakuki ya rubuta cewa ya yafe fa?"

"Ba a karɓa, Anti."

"Kamar yaya ba a karɓa?" Sakiusa ya sauke ƙafa. "Mai kuɗi ya ce ya yafe, ina ruwan Suva?"

"Can baya an yi masu shaguna da suka riƙa matsa wa ƙananan masu kawo kaya, ko ka rubuta ka yafe ko a daina saye a wurinka. Shi ya sa aka toshe hanyar gaba ɗaya. Kuɗi su shiga, mai kaya ya danna. Shi ke nan."

"In bai danna ba?"

"Yau ƙarfe huɗu na yamma yarjejeniya ta warware." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Ni za a sa in sauke allon can."

Daga ciki ana jin ƙarar injin kwaɓa da dariyar ma'aikata. Mutum tara ne ke cin abinci a shagon nan, babu wanda ya san abin da ake ciki.

"Yaya."

"Na'am."

"Wa ya aike ka?"

"Torika!"

"Tambaya na yi. Na zo gidanka na yi kuka? Na ce maka na gaza?"

"Sai kin ce? Gari duka ya san kin sayar da injin mijinki! A kasuwa na ji, a bakin mai sayar da kaguwa. Ni ina raye, ƙanwata na sayar da kayan mamaci?"

"Kayana na sayar, na biya bashina!"

"Ni kuma haƙorin ubanmu Nemani na kai don in rufa miki asiri!"

"Asirina a rufe yake, Yaya. Kai ka je ka buɗe shi gaban dattawa biyu, ka ce 'yar Nemani ta kasa biyan kuɗin ƙwai!"

Ya miƙe. Bai taɓa jin wannan muryar daga bakinta ba, ita ma ba ta san tana da ita ba.

Ta cire rigar aiki ta rataye, ta saka ambulan a jaka.

"Ina za ki?"

"Gida. Abin da aka roƙa da haƙori, sai da wani haƙorin ake roƙon a warware. Ko ba haka ba ne?"

"Ina kika ga wani haƙo..." Sai ya tsaya. "A'a. A'a, Torika. Wannan na Eroni ne."

Eroni ɗanta ne tilo, yana can Ostireliya yana tsinkar lemo. Watan Disamba zai dawo a je nema masa aure, kuma haƙorin da za a kai gidan yarinyar shi ne wanda Josaia ya bari a ƙasan akwati, ya ce a ajiye wa yaron.

"Da kuɗin burodin nan Eroni ya yi makaranta," ta ce. "Zai fahimta."

"To wa zai yi magana a madadinki? Mace ba ta miƙa haƙori, kin sani. Ni kuwa ba zan koma in tone abin da na binne da bakina ba, ko za a rufe shago goma."

"Ban ce ka yi magana ba. Ka tuƙa mota."

*

Ba su samu dattijon ba sai wajen uku da kwata, ya tafi taron coci a ƙauyen gaba. Awa biyu suka yi a gindin mangwaro, warin kashin kaji na dukan hancinsu. Kitione ya biyo su, wai aikinsa ne ya gani da idonsa.

Da aka ce su shigo, kowa ya tuɓe takalmi a ƙofa ya shiga a sunkuye. Baba Apakuki na zaune a saman tabarma, farin gashi, ƙafa a harɗe. 'Yarsa Litiana, wadda ke riƙe masa lissafin gona, tana gefe da waya a cinya. Dannawa ɗaya ce a wayar nan, amma ba za ta yi ba sai ubanta ya ce. Sakiusa ya zauna can bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"'Yata, kin ga saƙona?"

"Na gani, Baba. Shi na dawo da shi."

"To kin yi wahalar banza. Ba na bin ki ko sisi. Yayanki ya zo kamar yadda iyayenmu ke zuwa, na karɓa gaban mutane. In na taɓa kuɗin nan, da wane ido zan kalli dattawan da suka tafa?"

"Baba, kamfani zai karɓe shagon."

"Kamfani ya zo ya same ni. Ni ne mai ƙwai ko su?"

Ya kalli Kitione daga taye har safa, ya kau da kai.

Torika ta buɗe jaka ta ciro wani tsohon ƙyalle, ta warware shi a kan tabarma.

Litiana ta gyara zama, ta sauke kafaɗu. Daga lokacin da haƙori ya bayyana a ɗaki ba a tashi tsaye, ba a ɗaga murya, sai an gama.

Ta waiga ta dubi yayanta. Bai ɗago ba.

Ta jira. Bai ɗago ba.

Sai ta kai hannu za ta ɗauka da kanta.

"'Yata," in ji dattijon, murya ƙasa ƙasa. "Kin san ba a haka. Kada ki sa in ƙi ki a gidana."

Hannunta ya tsaya. Hawaye ya ciko mata, ta mayar da shi. Agogon bango ya nuna uku da minti ashirin da biyar.

Sai aka ji ƙaramin motsi a baya.

Kitione ne yake kwance taye. Ya naɗe shi ya cusa a aljihu, ya kashe wayarsa ya kife ta a ƙasa. Ya matso da gwiwa har gaban tabarma, ya tafa sau uku da hannu a dunƙule, irin tafin nan namu mai zurfi. Ya ɗauki haƙorin da hannun hagu, igiyar da dama, ya sunkuyar da kai.

Jama'a, da yaron nan ya buɗe baki sai da tsigar jikina ta tashi. Ashe duk shekarun nan muryar ubansa na nan kwance a ƙarƙashin tayen.

"Ranka ya daɗe, uban gida, mai ƙasar da muke zaune a kanta. Ni Kitione ne ɗan Waisale, na gidan masu magana a Bua. Ba kamfani ne ya aiko ni da wannan ba, kamfani bai san hanyar tabarma ba. Bakin 'yar Nemani nake, matar marigayi Josaia."

Dattijon ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya.

"Haƙorin ƙarami ne, ka yi haƙuri da shi. Ba yafiya muka zo nema ba, ka riga ka ba mu, kuma gidan Nemani ba zai manta ba. Mun zo roƙon abin da ya fi yafiya wuya. Matar nan shekara shida tana tashi kafin zakara, ba ta taɓa cin haƙƙin mai fulawa ko mai ƙwai ba. Ni ke duba takardun shaguna goma sha ɗaya, na rantse babu mai tsabtar nata. Ta sa hannu cewa za ta biya, tana so ta cika. Muna roƙo ka bar ta ta biya ka."

Ya miƙa hannuwansa gaba.

Baba Apakuki bai karɓa ba. Ya ƙura wa igiyar ido. Igiyar zaren kwakwa ce, amma kusa da gindin haƙorin ta taɓa tsinkewa, an ɗaure wurin da shuɗin zaren kamun kifi.

"Matso da shi."

Kitione ya matsa.

"Litiana, ba ni tabarau."

Ya saka ya duba, ya daɗe yana dubawa. Da ya cire tabarau ɗin idonsa ya yi ja.

"Ni na yi wannan ɗaurin."

Torika ta ɗago.

"Ina kika same shi?"

"A akwatin Josaia, Baba. Ya ce a ajiye wa Eroni."

"Bai taɓa faɗa miki inda ya fito ba?"

"Bai taɓa ba."

"Haka yake. Halinsa ke nan." Ya goge fuska da tafin hannu. "Shekara goma sha tara da suka wuce ciwo ya shiga gonar nan, kaji dubu biyu suka mutu cikin sati ɗaya. Lokacin mijinki na bi na dala dubu tara, kuɗin kifinsa na shekara uku, da su na gina kejin farko. Ba ni da ko na sayen abincin tsaki. Na ɗauki wannan haƙorin, na kakana ne, na je na durƙusa gabansa a bakin ruwa. Ya karɓa. Har ya koma ga Ubangiji bai sake tayar da maganar ba, ko da wasa."

Sakiusa ya ɗago kai a karo na farko.

"Ranar da yayanki ya shigo ɗakin nan, na ce Allah ya ba ni ranar da nake jira. To faɗa min, 'yata, ta yaya zan miƙa hannu in karɓi kuɗin matar Josaia? Kuɗin injinsa ma?"

Wannan karon hawayen ya fi ƙarfinta. Shekara ashirin da biyu ta zauna da mutumin nan, tana yi masa faɗa a kan ina kuɗin kifi suke tafiya, yana dariya yana cewa teku ta ci. Ta ji kunya, ta ji kewarsa, kuma ta ji kanta ya ƙara tsawo don ita ce matarsa.

Ta share fuska da bakin zane, ta dubi Kitione. Ya gyaɗa mata kai alamar ta yi magana.

"Baba, Josaia ya yafe maka don gonarka ta tsaya. Ta tsaya, ga kaji nan har ba a jin magana a tsakar gida. Taka yafiyar kuwa rufe min shago za ta yi, nan da rabin awa. In alherinsa kake son ramawa, ka karɓi kuɗina."

Gumi na ɗiga daga haɓar Kitione, amma bai sauke hannuwansa ba.

Uku da minti arba'in da biyu.

Dattijon ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. "Bakin Nemani sak. Shi ma haka yake, sai ya kayar da kai a gidanka kuma ka ba shi kujera."

Ya ɗaga hannun dama a hankali, ya kai shi kusa da igiyar, ya tsaya bai taɓa ba.

"Zan karɓa. Litiana za ta danna."

Litiana ta ɗauki wayar ta kunna.

"Amma haƙori biyu masu roƙo biyu ba za su kwana a ɗakina ba, ɗaya na cewa binne ɗaya na cewa tone. Na Nemani yana cikin akwatin can. Wanda ya kawo shi ya matso nan da gwiwarsa, ya ce da bakinsa ya janye roƙonsa, ya ɗauki abinsa. Ranar Lahadi kuma ya maimaita gaban dattawan da ya zo da su. In ya yi, hannuna zai sauka."

Duk idanun ɗakin suka koma bakin ƙofa.

A garinmu ba a taɓa jin namijin da ya janye haƙorin da ya miƙa ba. Wanda ya yi, da shi za a riƙa zolayar jikokinsa a wurin shan kava.

"Yaya," in ji Torika. Muryar da ta yi masa tsawa da safe babu ita, ta ƙanwarsa ce ta dawo. "Ban taɓa roƙonka komai ba."

Uku da minti arba'in da shida.

Haƙori na hannun Kitione, yatsan Litiana na kan waya, hannun dattijo na rataye a iska. A ɗakin da ba a tashi tsaye, Yaya Sakiusa ya dafa bango ya miƙe.